Kafin a buɗe asusun gini: yadda za ku auna ko cocinku yana biyan bukatun ikilisiya

Tambaya ɗaya ce dattawa, sakatarori da 'yan kwamitin gini suke ta aiko mini, kalmomin ne kawai suke bambanta: "Coci ya yi mana kaɗan, ta ina za mu fara?" Kullum amsata ita ce a fara da tif ɗin awo da littafi, ambulan ɗin baiko ya dakata tukuna. Na taɓa zama a kwamitin da ya kusa rushe bangon baya na majami'a don a ƙara tsawo, har an soma maganar ranar ƙaddamar da asusu. Da muka zauna muka ƙirga, sai muka tarar yara ne suka cika bencinan baya. Makarantar Lahadinsu a gindin mangwaro take, da damina ta sauka iyaye suka riƙa shigowa da su ciki. Ɗakuna biyu muka gina musu a gefe, majami'ar kuwa har yau tana ɗaukar mu.

Ikilisiya tana sauyawa, gini yana nan inda aka dasa shi. Waɗanda suka ɗebo yashinsa suna samari yanzu da sanda suke zuwa sujada. Unguwar da take gonaki ta zama gari. Wasu majami'un ma sun wayi gari da baƙin da ba su yi shirinsu ba, kamar yadda babban cocin Katolika na St. Theresa a Yola ya zama masaukin dubban 'yan gudun hijira a 2014. Binciken da zan bayyana yana cin kamar wata uku, kuma ya fi kyau wani ɓangarensa ya faɗo cikin damina.

Kayan aiki

Dogon tif mai mita 30 ko 50, ƙaramin tif mai mita 5, babban littafi mai layi, biro, fensir, alli, tocila, tsani, sukudireba, da waya mai kyamara. Kusan duk ana samun aron su a cikin ikilisiya. Abin da za ku kashe wa kuɗi shi ne littafin, fotokwafi, da ladan injiniya idan kun kai mataki na 7.

1. Zaɓi masu aikin

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa: dattijo ɗaya, mace ɗaya daga Zumuntar Mata, malamar Makarantar Lahadi, matashi, ɗaya daga cikin masu tsaron ƙofa, wani mai sana'ar gini, sai mai bukata ta musamman ko wanda yake kula da irinsa a gida. Majalisar dattawa ta rubuta sunayensu da aikinsu a littafin taro. A sanar da na sama tun da wuri: majalisun LCC da DCC ga 'yan ECWA, RCC ga 'yan COCIN, ofishin bishop ga Angilikan da Katolika.

Gargaɗi: wanda yake sa ran samun kwangilar kada ya shiga tawagar, ko da shi ya fi kowa sanin gini. A nemi shawararsa daga waje. Fasto ma ya zama mai ba da shawara kawai, domin akwai maganar da uwa ba za ta iya faɗa a gabansa ba, kamar halin da makewayin mata yake ciki.

2. Ƙirga mutane, Lahadi takwas a jere

Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, alhali sauran duka a kansa suke tsaye. Kowace sujada da shafinta, ta Hausa daban, ta Turanci daban. A yi ƙidayar bayan an soma wa'azi, lokacin da masu makara sun gama shigowa. A ja layuka a littafin: maza, mata, matasa, yara, masu goyo, masu sanda ko keke, waɗanda suke tsaye, waɗanda suke zaune a waje. A harabar kuma wani ya ƙirga babura da motoci.

Gargaɗi: kada ku dogara da rajistar membobi. A cikinta akwai wanda aiki ya kai shi Abuja shekara biyar da suka wuce, akwai wadda ta yi aure a wata ikilisiya, akwai waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Lahadin Kirsimeti, Ista da bikin godiya ma a ƙirga su a shafi na dabam. Ba a gina majami'a saboda kwana uku a shekara, ranakun nan rumfa da kujerun haya suna ɗaukar su.

Ku lura da lokacin da ƙidayar ta faɗo. A ƙauye, yawan mutane da damina ba ɗaya ba ne da na rani, lokacin da samari suka tafi ci-rani. A wuri irin Samaru ta Zariya kuwa, hutun jami'a kaɗai ya isa ya rage benci da yawa. Idan ikilisiyarku irin wannan ce, a ƙara Lahadi huɗu a ɗaya lokacin.

Daga nan a ɗauko tsofaffin takardun sanarwa, inda sakatare yake karanta adadin masu sujadar makon jiya. A duba shekara biyar ko fiye, a tsallake 2020 da annobar korona ta sa aka rufe wuraren ibada. A haɗa da rajistar miƙa jarirai, ta aure da ta jana'iza. Jariran da aka miƙa bana su ne za su cika ajin ƙananan yara nan da shekara uku ko huɗu. Idan kuwa jana'iza ta fi miƙa jarirai yawa, abin da ginin yake bukata ya sha bamban da ƙarin benci.

3. Rubuta makon ginin

A zana jadawali a babbar takarda: kwana bakwai, safe, rana da yamma, kowane ɗaki da layinsa. A manna a ofis, mai riƙe da makulli ya riƙa cikewa har wata guda: wace ƙungiya ta zo, mutum nawa, awa nawa, an tada janareto ko ba a tada ba, lita nawa ya sha.

Abu biyu wannan jadawalin yake tonawa. Na farko, karo: mawaƙa, ƙungiyar Sabon Rai da Zumuntar Mata duk suna neman wuri ɗaya a yammaci ɗaya, alhali ranar Litinin ginin a rufe yake. Na biyu, asara: mutum goma sha biyu suna nazarin Littafi Mai Tsarki a babban zaure, an kunna fitilu da fankoki duka. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kowane ma'ajin coci ya san nauyin wannan.

A ƙasan takardar a rubuta abin da ake yi a wajen ginin don babu wuri a ciki: ajin baftisma a falon gidan fasto, shawarar masu shirin aure a baranda inda kowa yake ji, girkin biki a bayan makewayi, ganguna da tukwane a cunkushe a ɗakin shiri.

4. Auna wurin zama

A zana taswirar ginin da hannu, ba sai ta yi kyau ba. A auna daga bango zuwa bango ta ciki, a sa ƙofofi, tagogi, ginshiƙai da bagadi.

Lissafin zama haka yake: kowane babba a ba shi santimita 50 a benci. Benci mai mita 3 zai ɗauki mutum shida a takarda. A zahiri, uwa mai goyo da jaka, ko dattijo mai babbar riga, sun fi haka cin wuri, saboda haka a ɓangarensu ku lissafa biyar. A ce kuna da benci 40, wato mutum 240. Masu wannan aiki suna da ƙa'idar cewa idan an cika kashi 80 cikin ɗari, mai shigowa zai ga kamar babu wuri. Kashi 80 na 240 shi ne 192. Idan matsakaicin ƙidayarku ta Lahadi takwas bai kai 192 ba, matsalarku ba ta girman zaure ba ce, ku neme ta a sauran matakan. Idan ya haura, to akwai magana.

A auna tsakanin bayan benci da bayan na gabansa, kada ya gaza santimita 90. Hanyar tsakiya kada ta gaza mita ɗaya da rabi. Ta nan ake shigowa da akwatin gawa, maza uku a kowane gefe, ta nan amarya take bi da ƙawayenta, ta nan ake rawar kai baiko, masu zuwa da masu komawa. Ajin yara kuma a ƙiyasta wa kowane yaro murabba'in mita ɗaya da rabi zuwa biyu, domin su ba zama kawai suke yi ba.

Ko da lissafin ya nuna an cika, a gwada masu sauƙi kafin a taɓa bango: ƙara sujada ta biyu, sake jera benci, ko rage faɗin bagadi. Na ga bagadin da ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zaure saboda kujerun manyan baƙi da sau biyu ake zama a kansu a shekara.

Gargaɗi: jera kujerun roba a kan hanyoyi shi ne abin da masu tsaron ƙofa suke fara yi idan wuri ya cika, kuma shi ya fi haɗari. Ku duba mataki na 6.

5. Bi ginin da ƙafar wani

A ari keken guragu, ɗaya daga cikin tawagar ya hau, ya taso daga bakin titi shi kaɗai ba mai turawa: ƙofar shiga haraba, tsakar fili, ƙofar majami'a, wurin zama, gaban bagadi inda ake karɓar Jibin Ubangiji, sannan makewayi. Duk inda ya tsaya a ɗauki hoto. Sai a roƙi wata Mama mai ciwon gwiwa a bi ta a hankali ranar Lahadi, a ga inda take dafa bango, inda take jiran wani ya riƙe mata hannu.

Ƙofa tana bukatar faɗin santimita 90 a buɗe don keke ya wuce. Gangaren hawan keke kuma ƙa'idarsa ɗaya bisa goma sha biyu: kowane santimita 10 na tudu yana bukatar santimita 120 na tsawo. Matakala uku masu santimita 15 kowace, tudunsu 45 ke nan, gangarensu zai kai mita 5 da santimita 40. A sa masa ƙarfen riƙewa, a bar fuskarsa da kaushi.

Gargaɗi: birkila zai so ya zuba siminti a kan matakalar da take nan ya shafe ta. Irin wannan gangaren mai keke ba zai iya hawa ba, wajen sauka kuma yana iya kifar da shi. Tayil mai santsi a baranda ma yakan kada tsofaffi da damina.

Wannan ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a suke shiga wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024.

Makewayi a tsaya a kansa sosai. Guda nawa ne na mata, guda nawa na maza? Layi yana taruwa bayan an tashi? Akwai ruwa, akwai sakata, akwai haske? Akwai ko da guda ɗaya na zama saboda wanda ba ya iya tsugunawa? Akwai tsofaffin da suke ƙin shan ruwa tun safiyar Lahadi saboda wannan, wasu kuma sun daina zuwa ba su faɗa wa kowa dalili ba. A duba har da kwatar da ba ta da murfi saboda makafi, da wurin da mai fassara wa kurame zai tsaya haske yana dukan hannuwansa.

6. Gwada fita

A ƙirga ƙofofin da suke buɗe a lokacin sujada, ban da waɗanda aka garƙame da kwado. Saboda halin tsaro, majami'u da yawa sun rufe ƙofofin gefe, sun sa wa tagogi ƙarfe, sun bar ƙaramar ƙofa ɗaya ta haraba inda ake binciken masu shiga. Dalilin a fili yake, amma hakan yana nufin ɗaruruwan mutane ba su da mafita sai guda. Kowace ƙofa ta riƙa buɗewa zuwa waje, a cire kwado a sa sakatar da ake zarewa daga ciki, a tsayar da mutum a bakinta.

Sai a zaɓi Lahadi ɗaya a gwada: kowa ya fita ta ƙofar da ta fi kusa da shi, wani yana duba agogo, wani yana kallon inda aka cushe. A haɗa da ƙofar haraba. Turmutsitsin da ya ci rayuka goma a cocin Holy Trinity da ke Maitama, Abuja, ranar 21 ga Disamba 2024, wajen rabon kayan abinci ya faru. Duk ikilisiyar da take rabon tallafi ta ɗauki fili da ƙofar shiga a matsayin ɓangaren ginin.

Gargaɗi: a sanar da gwajin mako biyu kafin ranar, a sake sanarwa da safiyar. Kada a busa usur ko a yi ihu ba zato. A cikinmu akwai waɗanda suka taɓa gudu daga sujada da gaske, kuma tsoron bai bar su ba.

7. Duba jikin ginin

A yi wannan sau biyu, ranar da ake ruwa da ranar da gari ya bushe. Ana tsaka da ruwa a shiga da alli, a zagaye duk inda yake ɗiga a ƙasa. A fita da lema a ga inda ruwan indararo yake zuba da inda yake kwanciya. Ruwan da yake taruwa a gindin bango shi ne yake cin harsashi a hankali, alamarsa fenti mai kumbura da filasta mai zubewa daga ƙasa.

A busasshiyar rana kafinta ya hau cikin silin da tocila, ya riƙa danna sukudireba a jikin katako. Inda ta nutse, gara ta riga ta gama da cikin ko da wajen yana da kyau. Ya duba ƙusoshin da suka yi tsatsa, ya duba yadda aka ɗaure katakon rufi da bango, domin iskar farkon damina ta nan take yaye kwano.

Tsagar bango iri biyu ce. Siririya kamar gashi a kan filasta yawanci ba ta da illa. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda bakin biro yake shiga, ita ce abin lura. A ja layin fensir a ƙarshenta ta sama da ta ƙasa, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan wata guda. Idan ta wuce layin, ginin yana motsi.

Mai gyaran wuta ya duba wayoyin da aka haɗa da salatif, soket mai ɗumi, da akwatin canja wuta. Janareto ya zauna nesa da taga, hayaƙinsa yana kisa. A karanta kwanan watan da ke jikin tukunyar kashe gobara, idan akwai ta.

Gargaɗi: ɗora bene, gina wurin zama na sama, cire ginshiƙi don a ga bagadi, ko faɗaɗa rufi, babu wanda za a yi sai injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da take yi wa injiniyoyi rajista, ya zo ya duba harsashi ya sa hannu. A nemi lambar rajistarsa, a kuma nemi rahotonsa a rubuce. Ranar 10 ga Disamba 2016 rufin wani coci a Uyo ya rufta kan masu sujada, aka yi asarar rayuka masu yawa. Ladan injiniya ƙaramin abu ne a cikin kuɗin gini, kada a ce za a rage ta nan.

8. Zafi da sauti

Zafi a auna shi a watan Maris ko Afrilu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, zaure a cike. A zauna a gaba, tsakiya da baya. Tagogin suna fuskantar juna har iska ta ratsa? Akwai waɗanda labule ko allon sanarwa ya toshe? Akwai kafar da zafi zai fita ta sama? Silin da kafofin iska a saman bango sukan yi aikin da ƙarin fankoki ba su yi ba, kuma ba sa shan mai.

Sauti kuma, a tsaya a tsakiya ba kowa a tafa hannu sau ɗaya. Idan amon ya daɗe yana yawo, akwai amsa-kuwwa. Sannan wani ya karanta kalmomi goma a makirfo, mutum uku a baya su rubuta abin da suka ji. Kuskuren da aka saba yi shi ne ƙara ƙarar lasifika, wanda yake daɗa dagula maganar, ya kuma dami maƙwabta. Ƙananan lasifiku a jere a gefen bango, da ƙara kaɗan, sun fi manya biyu a gaba.

9. Nemo takardu

Da sunan wa filin yake? Akwai taswirar safiyo da amincewar hukumar tsara birni, irin KASUPDA a Kaduna, KNUPDA a Kano ko JMDB a Jos? Filaye da yawa kyauta ce ta baki daga wani dattijo da ya rasu, magada kuma ba lallai su san da maganar ba. A wasu jihohin samun takardar fili da sunan coci yana da wuya, amma ko yarjejeniya ce mai shaidu, ko rasit, a tattaro a yi kwafi, a ajiye ɗaya a ofishin gunduma. Kada a zuba sabon harsashi kafin a warware wannan.

10. Tambayi jama'a, ƙungiya-ƙungiya

Mata daban, matasa daban, malaman yara daban, yaran ma a ji ta bakinsu. Idan kun ce "Me kuke so?" za ku ji tayil, na'urar sanyaya ɗaki da hasumiya. Tambayoyin da suke kawo amsa mai amfani uku ne: Me kuka so yi a ginin nan kuka kasa? Wane wuri kuke gudu a cikinsa? Wa kuka sani da ya rage zuwa saboda ginin? Sunayen da suka fito a ta ukun a bi su har gida. "Baba, mun daɗe ba mu gan ka ba, mene ne yake wahalar da kai in ka zo?" Amsar takan zama matakala, ko benci marar abin jingina, ko cewa ba ya jin wa'azi daga inda yake zama.

11. Jera aiki da kuɗi

A raba abin da aka gano kashi uku. Na farko, abin da zai iya kashe mutum ko ji masa rauni: rufi, tsaga mai motsi, wayar wuta, ƙofofi. Na biyu, abin da yake hana wani zuwa ko hana wani aiki gudana: makewayi, gangare, ajin yara, sauti. Na uku, ado. Ba a taɓa na uku sai an gama na farko. A kowane kashi a ware abin da ba ya cin kuɗi, kamar sauya ranar taron wata ƙungiya ko cire kwado, a yi shi a makon nan.

Ga mai cin kuɗi, a karɓi ƙiyasi a rubuce daga mutum uku, kayan aiki daban, ladan hannu daban. A rubuta kayan da adadinsu: buhun siminti kaza, bandir ɗin kwano kaza, rodi kaza, tifar yashi kaza. Farashi ba ya jiran baiko ya taru. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da yawa cikin 'yan makonni, ƙiyasin da aka rubuta da naira kaɗai ya tashi a banza. A ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari saboda abin da ba a hango ba.

Gargaɗi: a kiyaye jerin aiki. Rufi kafin silin, silin kafin fenti, magudanar ruwa kafin daɓe ko tayil, wayar wuta kafin filasta. Kuma kada a yaye kwano sai kuɗin mayar da shi yana hannu, musamman idan Afrilu ta kusa.

Rahoton kada ya wuce shafi uku, da hotuna. A karanta shi a sujadar Hausa da ta Turanci, a bar mutane su yi tambaya. A shafin ƙarshe a rubuta ranakun dawowa: duba rufi kowace shekara kafin ruwan fari, ƙidayar Lahadi takwas sau ɗaya a shekara, cikakken bincike kuma duk bayan shekara biyar, kamar yadda doka ta wajabta wa majami'un Cocin Ingila. Littafin ƙidayar da taswirar a damƙa su ga sakataren ikilisiya, a rubuta su cikin kayan da zai miƙa wa wanda zai gaje shi.